Gaisuwar Suruka a Tsakiyar Tsere

Na fito daga tafki lafiya, na tuƙa keke a titunan Summerfield har cinyoyina suka yi tsami. Saura gudu kawai in kammala gasar nan ta iyo da keke da gudu, wadda na yi watanni ina cika wa matata baki a kanta, wai jikina ƙarfe ne.

Ina fara gudun sai na hango surukata a bakin hanya. Daga Jos ta zo mana nan Amurka, gwiwa na damunta, amma ta dage sai ta gan ni da idonta. Matata da ke gefenta ta ce, "Wuce kawai, ta gan ka."

In wuce Mama a tsaye, kuma da gajeren wando? Na durƙusa har ƙasa. "Mama, ina wuni?"

Da na yunƙura zan tashi, ƙafafu suka ce ba su san zancen ba. Jijiya ta ɗaure tamau. Mama ta ɗauka ladabi ne, ta dafa kaina ta shiga sa albarka, har ga 'ya'yan da ba mu haifa ba tukuna. Ina amin, hawaye na zuba, 'yan tsere na wuce ni.

Ita mai ciwon gwiwar ce ta kama hannuna ta miƙar da ni. Na ƙarasa da ɗingishi ana kwashe tebura.

Mama ta koma Jos tana yabon tarbiyyata. A cocinmu na Greensboro kuwa, har yau dattawa na hango ni sai su ce, "Gaishe mu a tsaye, ɗana. Ba mai ɗaga ka."