Ɗinyar Ƙofar Gidan Dije

"Lafiya lau, sai gajiyar hanya. Ina amaryar gidan? Ko ta ji ƙarar kekena ta ruga ɗaki saka kwalli?"

"Na ji wani abu yana tari a ƙofar gida, na ce a duba ko tunkiya ce ta ci guba. Ashe maigida ne da dokinsa na ƙarfe. Jingine shi can nesa, kada awakina su ɗauka."

Mai maganar farko Malam Isiyaku ne, malamin zane a makarantar firamare ta Rano. Wadda ta amsa masa kuwa kakarsa ce ta wajen uwa, Dije, tsohuwar da ke zaune a Fammar ta ƙasar Kibiya tun ranar da aka kawo ta gidan miji. Tun Isiyaku yana goye take kiransa maigida, shi kuma tun da bakinsa ya buɗe yake kiranta amarya, kuma ba a taɓa ganin sun haɗu sun rabu ba tare da ɗaya ya ci mutuncin ɗaya ba.

A shekarar 1959 ne, bayan an kai amfanin gona gida. Makarantu suna hutu, Isiyaku ya tara malaman ƙauyuka goma sha biyu a Rano yana koya musu yadda za su koyar da zane. Ba ya zaunar da su a aji. Kullum da safe sai ya fita da su gindin duwatsu ko bakin rafi, kowa da takardarsa a kan cinya, ya ce su duba. Doka ɗaya gare shi, kuma har sun gaji da jinta: mutum ya zana abin da idonsa ya gani, kada ya ƙara, kada ya rage. Ana cikin haka saƙo ya iso masa ranar Alhamis cewa Dije tana nemansa, kuma ya taho da kayan aikinsa. Da yake Juma'a ba a fita, sai ya ɗaure allonsa da akwatin kala a bayan keke, ya kama hanya da sassafe, yana tunanin ko ciwo ne ya kama ta.

Ya tarar da ita garau, tana ɓarar gyaɗa a tsakar gida. Ta ba shi fura, ta tsaya a kansa tana kallon yadda yake sha, ta ce ko ba a faɗa ba an san mutumin da ba ya noma, don cikinsa ba ya ɗaukar ludayi biyar. Ya ce furar ce ta yi tsami, da alama tun zamanin da take budurwa aka dama ta. Ta ce ita dai abin da ke ba ta mamaki shi ne yadda hukuma take ciyar da ƙaton namiji don ya zauna a rana yana ɓata takarda, ya kuma tara waɗansu ƙattai goma sha biyu su taya shi. Ya ce ta yi haƙuri, ita ta zaɓi mijinta, ba wanda ya tilasta mata. Ta ce duhun ɗaki ne ya cuce ta ranar da aka haife shi, da ta gan shi da haske da ta mayar.

Sai da ya ajiye ƙwaryar sannan ta ce, ba tare da ta ɗaga kai daga gyaɗar ba, tana so ya zana mata ƙofar gidan nan, yau, kafin rana ta yi.

"Ke da kika ce ɓata takarda nake yi?"

"Ɓata mini ɗaya. Ramalan na Saji zai tafi gabas jibi, ya ce akwai wuri a jakarsa."

Nan take Isiyaku ya gane inda aka dosa. Kawunsa Lado, ɗan farin Dije, ya bar Fammar shekara goma sha tara da suka wuce, shi da matarsa, da niyyar zuwa Makka a ƙasa. Guzuri ya ƙare musu a ƙasar Sudan, suka tsaya noman auduga don su sami na ci gaba, shekara ta bi shekara, ba su ƙarasa ba, ba su kuma dawo ba. Da daminar nan wasiƙarsa ta iso, liman ya karanta wa mutanen gida. Ya gaishe da kowa. Ya ce 'ya'yan da ya haifa a can suna tambayarsa yadda gidan ubansu yake, shi kuma ya rasa yadda zai kwatanta musu. A ƙarshe ya ce yana son dawowa, amma da wace fuska, bai ga Ka'aba ba, bai kuma tara komai ba. Duk lokacin da ake karatun, Dije tana gefe tana tankaɗe, ba ta tsaya ba. Ɗan fari ne. Ba ta taɓa kama sunansa ba tun da ta haife shi, ba ta taɓa tambayar lafiyarsa a gaban mutane ba, kuma da kowa ya ba da saƙon da za a mayar masa, ita ba ta ba da ko kalma ɗaya ba. Kunya ta hana. Amma ba a taɓa jin cewa kunya ta hana aika takarda mai hoton katanga ba.

"Wa za a kai wa?" in ji Isiyaku, yana ɓoye murmushi. "Faɗa mini sunansa in rubuta a baya, kada Ramalan ya ba wani Balarabe."

"Yaran can za a kai wa. 'Ya'yan mutumin nan. Kai kuma idan ka sake tambayata, da muciya zan amsa maka."

Ya fita waje ya kafa allonsa a kan ƙafafunsa uku na katako, daura da zauren, ya manna takarda mai kauri, ya zuba ruwa a gwangwani. Dije ta jawo tabarma ta zauna a jikin katanga da ƙwaryar gyaɗarta, wai don ta tabbatar ba zai yi barci ba. Ya fara da fensir, ya fitar da zauren da 'yar tsagar da ke saman ƙofarsa, da katangar da aka yi wa sabon yaɓe, da kawunan rumbuna biyu da ke leƙowa ta bayanta, da dutsen da ke can nesa. Sa'an nan ya shiga sa kala. Jan ƙasar katangar ya ba shi wahala, sai da ya haɗa sau uku kafin ya yarda. Duk wanda ya zo wucewa sai ya tsaya ya leƙa, Dije kuwa tana gaya wa kowa cewa mijinta ne, ciwon ya daɗe da kama shi, an yi magani an gaji.

Da hantsi ya yi sosai ya ce ta zo ta gani. Ta tashi da ƙyar, ta kakkaɓe ɓawon gyaɗa daga zanenta, ta zo ta sunkuya a kan allon. Ta daɗe tana kallo. Isiyaku ya shirya wa zagi, amma zagin bai zo ba.

"Ina ɗinyar?" ta ce.

Akwai wata babbar ɗinya da ta taɓa tsayawa a hannun dama na zauren. Iskar farkon damina ta kayar da ita shekara goma sha biyu da suka wuce, ba abin da ya rage sai kututture, inda ake ɗaure akuya. Isiyaku ya nuna mata kututturen a takarda, har da igiyar. Ta ce ba ta tambaye shi kututture ba. Ya yi mata bayani a hankali, yadda yake yi wa malamansa, cewa shi ba ya zana abin da babu, aikinsa ke nan, a kansa ake girmama shi. Ta ce ta ji labari, har Fammar aka zo ana faɗin yadda ya sa wani bawan Allah malamin ƙauyen Rurum, mai 'ya'ya huɗu, ya sake zane tun daga farko don ya ƙara giginya ɗaya a inda babu. Ya ce haka aka yi, kuma gobe ma haka zai yi. Ta ce ashe hannun nasa bara yake yi, sai abin da aka ajiye masa a gaba yake iya ɗauka. Ya ce ita kuma da ta yi makaranta da ta zama marubuciyar shaidar zur. Ta ce da ta yi makaranta da shi ne zai riƙa share mata ofis.

Ya nemi hanyar sulhu. Ya ce zai bar kututturen yadda yake, ya rubuta a bayan takardar cewa a nan ɗinya take a da, iska ta kayar da ita shekara kaza.

"Ka aika wa mutum kututture?" in ji Dije. Muryarta ta sauka, ta daina kallonsa. "Mutumin da yake can yana jin kunyar tahowa, ka nuna masa gidan ma ya tsufa ya zube? Sai ya ce abin da ya sani ya ƙare, ya gyara zama."

Isiyaku ya ce to, bari ya sa ta ita a bakin zauren, tana zaune da ƙwaryarta, wannan ai gaskiya ne, kuma ya fi kowace bishiya. Ta ɗaga hannu kamar za ta make shi. Ta ce ita ta aika da fuskarta wurin wancan? Ya bari mutanen Fammar su ji, ta ina za ta bi ta je rijiya? Ya sa bishiya kawai, ya bar ta da mutuncinta.

Ya ajiye buroshin a bakin gwangwani. Wannan karon ba da wasa ya yi magana ba.

"Kaka, ki duba. Idan Kawu ya ga wannan takarda ya kwaso iyalinsa, ya yi tafiyar wata da watanni, ya iso nan bai tarar da ɗinya ba, zai ce mun yi masa ƙarya."

"To, ya zo ya faɗa," in ji ta. "Ya tsaya a nan, a ƙofar zauren nan, ya ce tsohuwa ta yi masa ƙarya. Ni zan ba shi haƙuri."

Ta koma kan tabarmarta ta ɗauki gyaɗa, tana ɓara tana zuba ƙwayar cikin ɓawon, ɓawon cikin ƙwayar, ba ta lura ba. Isiyaku ya tsaya yana kallon takardar. Ya tuna fuskokin malamansa goma sha biyu, ya tuna abin da zai gaya musu gobe a gindin dutse. Sa'an nan ya dubi hannuwan tsohuwar. Shekarunta sun haura saba'in, kuma hanyar Sudan ba ta kusa ba ce. Ya buɗe akwatin kala, ya nemo kore, ya yi 'yar dariya.

"Kin kayar da ni, amarya. Amma idan labarin nan ya kai Rurum, sakinki zan yi."

"Ka daɗe ba ka yi ba. Wa zai karɓe ka?"

Sai dai wata matsala ta taso. Yana ɗan shekara goma sha huɗu bishiyar ta faɗi, kuma abin da ya sani game da ita bai wuce zaƙin 'ya'yanta da baƙin da suke bari a harshe ba. Bai taɓa tsayawa ya dubi siffarta ba. Ya ce ba zai iya ƙirƙiro ta daga iska ba, sai ta nuna masa. Dije ta yi tsaki, ta sake tashi, ta kori akuyar, ta je ta tsaya a jikin kututturen. Ta ce tsawon ɗinyar ya yi biyar ɗin nata. Ta ɗaga hannun dama sama, ta karkata jikinta wajen gabas, ta ce haka take, kamar mai leƙen hanya. Ta miƙa hannun hagu a kan zauren, ta ce wannan reshen shi ne yake ba da inuwa da azahar. Isiyaku ya miƙa fensirinsa, ya rufe ido ɗaya, ya auna ta sau biyar zuwa sama, ya fara ja.

Ta ce akwai wani reshe a ƙasa, ta gefen hanya, wanda ya karye ya bar gungume kamar gwiwar hannu, kada ya manta da shi. Ya tambaye ta me ya karya shi. Ta ce wani mai ƙiriniya ne, yana ɗan shekara tara, ya hau ya faɗo da shi, aka yi wata biyu ana ɗora masa ƙafa. Isiyaku bai tambayi sunan mai ƙiriniyar ba. Ya zana gungumen a inda ta nuna, ya fito da shi sosai yadda ba za a rasa ganinsa ba.

"Kada ki motsa," ya ce. "Ban taɓa ganin bishiya mai surutu irin wannan ba."

"Yi sauri, hannuna ya gaji. Kuma ka sa mata 'ya'ya, nunannu, baƙaƙe wuluk."

"Lokacinsu ya wuce, amarya. An gama girbi."

"A takardar taka ma sai an jira wata shekara?"

Isiyaku ya yi dariya har buroshin ya girgiza a hannunsa. Ya wanke shi a gwangwani, ya tsoma shi cikin baƙi.