Rasuwar Gidan Dalar Azurfata

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da yatsu masu warin ruwan goge farce, ni Wendell Kozlowski na garin Toledo nake sanar da 'yan ƙungiyarmu ta masu tara tsoffin sulalla rasuwar gidan robar da dalar azurfata ta zauna a ciki, bayan gajeruwar jinya a teburin kicin.

Marigayin ya zo duniya a hannun masu tantance sulalla, waɗanda suka liƙe shi ruf, suka buga masa makin ingancin dalar, 65 cikin 70, a goshi. Muddin yana rufe, ba mai taɓa makin nan. Mai haƙuri ne, iyakar maganarsa "ƙaras-ƙaras" in an girgiza shi. A cikin safa yake kwana, nesa da rana da jikoki.

Ciwonsa ɗaya, wani siririn tabo daidai kumatun matar da ke jikin dalar. Duk taron wata sai Harlan Pruitt, wanda makin nan ya daɗe yana tsone wa ido, ya kafa tabarau ya ce, "Tsoho, tabon nan fa a ciki yake." Ni kuwa in ce, "A robar yake, je ka canja ido."

Na yi wa marigayin magani da man goge baki, na koma man goge fitilar mota. Roba ta yi ta ƙyalli, tabo yana nan. Ranar Lahadi na ɗauko ruwan goge farcen matata Darlene. Kowa a cikinmu ya san ruwan nan ba ya cutar da azurfa. Abin da yake yi wa roba ne na manta. Marigayin ya yi fari fat, ya yi laushi, da na matsa ya ce "ƙas", bai sake cewa komai ba.

Ya bar dala ɗaya tsirara, wadda makinta ya bi shi lahira, da Darlene, wadda iyakar ta'aziyyarta, "Rufe mini kwalbata, malam, tana bushewa."

Sai da na ɗaga dalar a haske na san wanda na rasa, har idona ya ciko. Tabon yana kan kumatun. Shekara da shekaru bawan Allah yana ɗauke da laifin da ba nasa ba, bai taɓa tona mini asiri ba.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis a kwandon sharar bayan gareji, kafin motar shara ta iso. Ba a buƙatar furanni. Ana roƙon Harlan, in zai zo, ya bar tabaransa a gida.