Yaƙin Haladu Mai Markaɗe da Takardar Sammaci

Wannan shi ne tarihin sadauki ɗan sadaukai, Haladu ɗan Tanimu mai gyaran fitila, ɗan Barau wanda ya taɓa korar kura daga bayan gari da tari kawai, ɗan Nomau wanda masu riwaya suka haɗu a kan cewa har ya koma ga Mahaliccinsa bai taɓa mayar da aron fartanya ba. Haladu na Ladidi, dodon tattasai, angon attarugu, mai injin markaɗen da in ya yi gurnani a bakin kasuwa sai mai tallar magani ya kashe lasifikarsa!

Asalin fitinar kuwa injin ne. Haladu ya karɓo shi bashi a wurin Alhaji Sidi dillalin injuna, a kan zai riƙa biya kaɗan-kaɗan. Tsakani da Allah ya biya fiye da rabi, a gaban mutane kuma, kafin kayan miya su yi tsada, ciniki ya ja baya, ƙafarsa ta ɗauke daga shagon Alhaji. Alhaji ya aika, ya sake aikawa, da ya gaji sai ya kai ƙara kotu, ya nemi kuɗinsa cif kamar ba a taɓa ba shi ko sisi ba. Injin nan kuwa shi ne gonar Haladu, shi ne rumbunsa. Ranar da aka ɗauke shi, tukunyar matarsa Ladidi ta sauka ke nan.

Da labari ya iso, sai sadauki ya nufi majalisar shawara, wato bencin Ɗan'azumi mai faci, babban shehin shari'a, wanda ya sha iliminsa ta hanyar facin taya shekara da shekaru a jikin katangar kotu. Shehi ya tsoma tiyub a ruwa, ya yi dogon nazari, sannan ya ba da fatawar da ta girgiza zamani: "Muddin takardar sammaci ba ta taɓa hannunka ba, Haladu, babu alƙalin da ya san an haife ka." Haladu ya dubi tafukansa biyu, ya ji tausayinsu, ya yi alkawarin zai kare su da ransa.

Aka wayi gari sai ga rundunar abokan gaba ta ɓullo daga gabas, tana tafe tana ƙara, ƙura na bin bayanta. Rundunar kuwa ita ce Malam Inuwa masinjan kotu, tsoho mai ciwon gwiwa, bisa keken da birkinsa ƙafa ne. Ya jingine keken, ya yi sallama, ya zaro takarda. Nan fa jinin Barau ya motsa. Sadauki ya yi kururuwa, "Ba a hannun ɗan Tanimu ba!" ya cusa hannayensa biyu har gwiwar hannu cikin bokitin markaɗen attarugu, ya tsaya ƙyam, ya zuba wa maƙiyi ido. Malam Inuwa ya samu inuwa ya zauna, ya ɓare goro. Attarugu ya fara aikinsa. Hawaye suka zubo wa gwarzo, hanci ya bi sahu, amma bai ja da baya ba, har aka kira azahar tsoho ya tashi ya tafi masallaci. Wannan ita ce Ranar Bokiti, wadda bayanta sadauki ya yi kwanaki Ladidi ke ba shi tuwo a baki.

Daga nan ya tsaurara tsaro. Ya daina miƙa wa kowane mahaluki hannu, don ba a san ta inda takarda za ta ɓullo ba. A wurin suna, a zaman gaisuwa, a ƙofar masallacin Juma'a, mutane na miƙo hannu, shi kuwa nasa na can cikin riga, sai dai ya rusuna da ka. Kuɗin markaɗe da ludayi yake karɓa, da ludayi yake ba da canji. Kafin wani lokaci magana ta zaga unguwa cewa ƙazuwa ce ta kama shi, ya ji, ya haɗiye, ya ce duk cikin ladan yaƙi ne. Ƙofar gidansa ma ya yi mata ƙaura, ya koma haurawa ta katangar baya, inda wandonsa na sallah ya yi shahada a kan fasasshiyar kwalba.

To, ashe kotu ta sha ganin irin Haladu. Alƙali ya ba da izini, Malam Inuwa ya zo da kwanon koko, ya shafa wa takardar, ya manna ta a ƙyauren gidan, ya hau kekensa ya yi gaba. Ladidi, wadda ta yi firamare, ta karanta ta tsaf, ta jira maigida ya diro daga katanga.

"Malam, Talata ce fa ranar," in ji ta. "Ka je ka ce ka biya fiye da rabi. Mai nama ya gani, mai albasa ya gani. Sauran ka roƙi alƙali ya yanka maka kaɗan-kaɗan."

Sadauki ya yi murmushin manya. "Ladidi ke nan. Ƙyauren aka ba, sai ƙyauren ya je."

Ranar Talata ɗan sandan kotu ya kira sunan Haladu Tanimu, ya sake kira, ya leƙa waje ya kira. A daidai lokacin mai sunan yana bencin Ɗan'azumi, ana walimar nasara da tsire, ana yi masa kirarin Gagara-sammaci. Alƙali ya saurari Alhaji Sidi shi kaɗai, bai ji labarin rabi ba, don wanda zai faɗa yana can yana lasar ƙuli-ƙuli. Aka yanke hukunci.

Da wa'adi ya cika, sai ga a-kori-kura ta tsaya a bakin kasuwa, da ma'aikatan kotu, da ɗan sanda guda, da Malam Inuwa a gidan gaba, yau ya huta da keke. Suka kwance injin, suka ɗora shi, mata masu jiran layi na riƙe da robobinsu. Malam Inuwa ya matso, ya ce a hankali, "Ɗan nan, da ka zo ka buɗe baki, da yanzu injinka na nan yana damun mutane. Har yanzu in ka hanzarta kana iya roƙon kotu ta sake zama." Ya miƙo hannun ban haƙuri, babu komai a ciki. Haladu ya yi tsalle baya, don ya san makircin maƙiya.

Mota ta tashi. Sadauki ya ji kamar ya zauna a ƙasa ya yi kuka, amma da ya ga jama'a sun zuba masa ido, sai ya ɗaga tafukansa sama, ya jujjuya su gabas da yamma.

"Ku shaida! Har yau takarda ba ta taɓa su ba!"

Jama'a suka shaida. Ana cikin haka sai ga Ladidi ta keto taro, tana mirgino turmi. Ta kafa shi daidai inda injin yake, ta dubi layin matan da ludayi ya riga ya karɓi kuɗinsu, ta juye robar farko a ciki.

"Tunda Allah ya tsare mana su lafiya, Malam," in ji ta, ta ɗora masa taɓarya a tafukan.