Yadda Ake Kula Da Laimar Mijin Yaya

Ke da kika zo Doha taya yayarki jego, bizarki kuma tana hannun mijinta, matso kusa. In kika bi matakan nan, na yi miki alkawari babu mai mayar da ke Gusau. Wata yarinya, Sauda, ta bi su tiryan-tiryan, ga ta can a unguwar Al-Sadd har yau tana shan esi.

1. Ki ce to.

Ƙatuwar jakar nan ta bayan ƙofa ba tanti ba ce. Laimar wasan teku ce, wadda suke kira kait: a hura iska a bututun gefenta, a sake ta sama, ta riƙa fizgar mutum a kan ruwa yana tsaye bisa ɗan allo, wai shi nishaɗi. Mijin yayar Sauda, Injiniya Abdulhakeem, abokin aikinsa Desmond ne ya yi ta zuga shi har ya saya. Da zai tafi wajen aiki sai ya ce, "Sauda, a ɗan kula mini da ita, ran Juma'a za mu bakin tekun Fuwairit." Kada ki tambayi abin da ake nufi da kula. Yarinyar kirki ba ta yi wa mijin yaya tambaya. Sunkuyar da kai, ki ce to.

2. Wanki.

Masana sun ce da ruwa zalla ake ɗauraye ta, yashi da gishiri su fita. Masanan nan ba a gidan wani suke zaune ba. Jiƙa ta a baho da omo, ki cuɗa ta sosai, ki murɗe. In kika ga ruwan ya yi ja, launi ne ya yi mata yawa dama.

3. Shanya.

A inuwa suka ce. Ke kai ta baranda, ki bar ranar Doha ta yi aikinta. Dogayen igiyoyin nan kuma kada su zauna a banza, ga kayan jariri jibge.

"Ke Sauda, wannan igiya da ƙwari take! Ina kika samo?" in ji Yaya Hannatu.

"Ta gida ce, Yaya."

Ba ki yi ƙarya ba.

4. Guga da turare.

Kayan maigida ba sa zama a yamutse. Jona dutsen guga. In kin ji ƙauri, ki ɗaga, ki matsa gaba. Daga nan ki rufa ta a kan kaskon turaren wuta kamar yadda ake yi wa zanin mai jego. Garwashi zai ɗan huda ta. Kada ki yi ihu, jariri na barci.

5. Ɗinki.

Akwai leda mai gam da ake liƙe huda da ita, tana cikin aljihun jakar, amma sai kin gama za ki gan ta. Ɗauko allura da jan zare. Ki haɗa har da bututun iskar, ɗinkin ya kama da kyau. Linke ta kamar atamfa, ki jefa kafur, ki yi addu'a.

6. Bakin teku.

Zauna can baya, ki riƙe jariri, don ba a yi wa mai riƙe da jariri tsawa. Daga nan Sauda ta ga komai. Ta ga Desmond yana tsalle yana "Yalla, Injiniya, yau sai ruwa!" Ta ga Injiniya ya kalli teku, ya kunce rigar ceto ya sake ɗaurewa, ya tambayi zurfin wurin, ya sake tambaya. Aka danna famfon hura iska. Laima ta ce fiii, ta kwanta. Ƙamshin turare ya game bakin teku, har wani Bature ya waiwayo.

"Wa ya goge kait da dutsen guga?" Desmond ya dafe kai. "Khalas, shi ke nan, ta mutu!"

Sauda ta fara lissafin abin da za ta gaya wa Inna a Gusau.

7. Shiru a mota.

Kada ki ba da haƙuri da wuri, ki jira. Sai da Yaya Hannatu ta sauka sayen shayin karak, sannan Injiniya ya kalli Sauda ta madubi.

"Ke kika yi wannan aikin?"

"Ni ce, Yaya."

"To. Gobe zan sabunta miki biza." Ya rage murya. "Desmond ya ce zai ara mini tasa. In ya kawo, ita ma a kula da ita haka. Kada a rage komai."

Gargaɗi: wannan hanya tana aiki ne kawai a kan mijin yayar da bai iya iyo ba kuma yake jin kunyar faɗa. In naki ya iya, babu hannuna, babu ƙafata. Ki gaida mutanen Gusau.