Dahuwar Zakara Irin ta Faransa

Wani mutum ne a unguwarmu, Alhaji Ilu Maitaya, wanda bai taɓa barin gaskiya ta fita daga bakinsa ba tare da ya ƙara mata gishiri ba. Kwana goma sha huɗu ya yi a Faransa wajen sayen taya, amma da ya dawo, sai ka rantse can aka yanke masa cibiya.

A lokacin yana neman shugabancin kwamitin masallaci. Saboda haka ya shirya walima bayan Azahar, ya gayyato Liman Zubairu da dattawan da za su yi zaɓen.

Ana cikin cin tuwo, ya ture kwano.

"Gafarta Malam, wannan ai cika ciki ne kurum. Abinci yana Faransa! Akwai wata dahuwar zakara, kok-o-ban. Romon ja wur. Tana gina jiki, tana ƙara jini, tana ƙarfafa ƙashi. Kullum sai na tashi da kwano biyu, har na suɗe. Ciwon gwiwata na shekara tara? Fit!"

"Ikon Allah," in ji Liman.

A gefe akwai Baba Tankari, tsohon kuku wanda ya shekara ashirin yana dafa wa Faransawa abinci a Yamai. Alhaji ya nuna shi da cokali.

"Yawwa, Baba! Faɗa musu abin da ake zubawa. Gobe zan sa a dafa wa Liman."

Tsohon ya yi gyaran murya.

"Alhaji, a bar zancen nan."

"Faɗi mana! Ko ka manta ne?"

"To. Ana samun tsohon zakara, a jiƙa shi cikin jar giya, kwalba guda cur, ya kwana. Ita ce jan romon. Sannan a soya shi da kitsen alade."

Liman ya mayar da lomarsa cikin kwano a hankali.

"Kwano biyu kullum, Alhaji?"

Gumi ya karyo wa Alhaji Ilu sharkaf. Ya dubi dattawa, ya dubi ƙofa, ya lissafa abin da ya fi sauƙin ɗauka: sunan maƙaryaci ko na mai cin haram. Sai ya yi zumbur ya miƙe, hula a karkace.

"A kawo Alƙur'ani in dafa! Wallahi ban taɓa ko sansana ta ba! A jikin tagar gidan abinci na ga hotonta. Garin kwaki na tafi da shi, shi na yi ta sha har na dawo!"