Ranar da Na Je Rogo Sayen O.S.

Ba zan taɓa mantawa da yawon neman O.S. da na yi ba, mutanen Rogo ma ba su bari in manta.

A shekarun casa'in ne, lokacin da magani ya yi wuya a asibitoci. Ɗana Nasiru ba ya iya zama wuri guda, malami na koyarwa shi yana bin ƙadangare da ido. Hedimasta ya ce in bai natsu ba, gara in mai da shi kiwo. Wani likita a Kano ya rubuta masa maganin natsuwa, maganin kuwa ya karɓe shi. Da ya ƙare na koma asibitin, mai ba da magani ya rubuta O.S. da jan biro a jikin katin, ya yi mini dogon bayani. Ni ko sai "to, to" nake yi, hankalina na kan fankar da ke saman kansa (wallahi kamar za ta faɗo).

Na dawo gida Ƙaraye na bi kemis-kemis ina tambayar O.S., ina zaton sabon magani ne. Kowa sai ya yi murmushi ya ce babu. Na ce rowa ce kawai.

Ranar kasuwa na buga keke har Rogo. Na shiga wani kemis cike da jama'a, ga surukina zaune a benci. Na durƙusa na gaishe shi, sannan na miƙa katin da ƙarfin hali.

"O.S. nake nema, na gaske, ba jabu ba."

Mai kemis ya dubi katin. "Malam, ai duk ƙasar nan babu abin da ya kai O.S. yawa."

"Alhamdu lillahi! A ba ni na wata biyu."

Shago ya tuntsire da dariya. Da mai kemis ya samu numfashi ya ce, "O.S. Turanci ne a taƙaice, ma'anarsa babu, ya ƙare. Ba su gaya maka ba?"

Sun gaya mini mana. Surukina kuwa sai ya ja hannun riga ya rufe baki, kafaɗunsa na rawa. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Surukin nawa ne daga baya ya sa wani direba ya samo maganin a Zariya, Nasiru ya zauna a makaranta. Da ƙunshin ya iso, uwarsa ta juya shi ta ce, "Malam, ashe na mutum ɗaya aka sayo?"

Tun daga ranar, in ana yi mini bayani ba na kallon sama. Barewa dai ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.