Wasiƙar Hutun da Na Haddace

Ba zan taɓa mantawa da wata ranar Laraba ba, ko da kuwa tsufa ya kai ni inda zan riƙa neman hulata alhali tana bisa kaina. Shekara ashirin da ɗoriya ina aikin sito a wata ma'aikata nan Sakkwato, kuma duk tsawon lokacin nan lakabina Bature. Ba don farin fata ba (wanda ya san ni ya san gawayi ma yana yi mini kallon ɗan'uwa), sai don Turanci. Ina da kalmomi kamar goma sha biyu da nake juyawa kamar waina, in ƙara da ɗaga gira da gyaran murya. A majalisarmu ta Tudun Wada, ko takardar magani aka kawo ni ake miƙa wa, in duba ta sama da ƙasa in ce, "A sha safe da yamma." Allah ya rufa asiri ba wanda ya mutu.

Kwatsam aka ce duk mai son ƙarin girma sai ya zauna jarrabawa, ciki har da ta Turanci: a ba ka labari ka karanta ka amsa tambayoyi, sannan ka rubuta wasiƙa. Ma'aikata ta shirya mana darasin bita bayan la'asar. Malamar kuwa Hadiza ce, ɗiyar abokina, yarinyar da na ci naman sunanta. To ka gaya mini, da wane baki Bature zai ɗaga hannu gaban direbobi da masinjoji ya ce wa Hadiza bai gane ba? Sai na koma kujerar baya ina gyaɗa kai, ina cewa "haka ne, haka ne," kamar ni na aiko ta.

Amma ba abin da nake ganewa, ga jarrabawa na matsowa. Sai dabara ta faɗo mini, irin dabarar da ke kai mutum rami. Na ce ai ni ɗan makarantar allo ne, hadda ba baƙuwata ba ce. Malama ta ce wasiƙar neman hutu kusan ba ta fashi a jarrabawa. Na shiga ɗakin da ake tara tsofaffin fayil, na yi ta tono har na samu wata wasiƙa bugun keken rubutu, tsaf-tsaf, Oga ya sa mata hannu da jan biro alamar ya amince. Na ga kalmar hutu, na ga wata uku. Na ce shi ke nan, Turancin da Oga da kansa ya amince da shi, wane mai makin jarrabawa ne zai ƙi shi? Na kwafe ta ban ko dubi sunan da ke ƙasa ba.

Kwana tara ina hadda. Da hantsi in zauna bisa buhun siminti cikin sito, ina rangaji gaba da baya, layi ɗaya sau arba'in, sai ya zauna in ƙara na gaba. A gida uwargida ta ji ina ta ƙunƙuni da ƙira'a, ta leƙo ta ce, "Malam, wagga wace sura ce?" Na ce mata ta manya ce. Manyan kalmomin da ke ciki ban san ma'anar ko ɗaya ba, amma daɗinsu a baki kamar kilishi.

Ranar Laraba Malama ta yi mana gwaji, kuma ga tambaya kamar ni na rubuta ta: ka nemi hutu wurin shugabanka, ka faɗi dalili. Kafin wasu su gama rubuta kwanan wata na cika shafi, na sa sunana, na miƙe ina kaɗa takarda ina fifita da ita.

Malama ta karɓa ta fara dubawa. Na ga ta tsaya, ta dube ni, ta sake duban takardar, ta cije leɓe.

"Baba, wagga mu bar ta sai an tashi, mu duba ni da kai."

Yarinyar kirki, ta miƙo mini igiya, ni kuwa na ture. Na ce, "A'a ɗiyata, karanta a hili kowa shi amfana. Ilimi ba a ɓoye shi."

"Baba, don Allah..."

Sani direba, wanda taubashina ne kuma bai taɓa raga mini ba, ya ce, "Malama karanta muna! Kuma ki fassara, mu ba Turawa ba ne."

Na ce, "Fassara musu, talakawa ne."

Ta sunkuyar da kai ta fara, murya ƙasa-ƙasa. "Ranka ya daɗe, ina neman hutun wata uku, kasancewar cikina ya shiga wata na tara..."

Idanu wajen talatin suka sauka kan tumbina, wanda, in faɗi gaskiya, bai ƙaryata wasiƙar ba ko kaɗan.

"...likita ya ce in rage tsayuwa saboda kumburin ƙafa. Kuma maigidana yana wajen aiki a Argungu, ba mai taimaka mini."

Nan Hajiya Kulu, mai buga mana takardu, ta dafe ƙirji ta miƙe. "La ilaha illallahu! Wagga ai wasiƙata ce, ta haihuwar Auta! Bature, ina ka same ta?"

Sani ya sulale daga benci ya kwanta ƙasa yana shure-shure. Da ya samu numfashi ya ce, "Allah shi raba lahiya, Bature! In namiji ne a sa mishi sunana!"

Na nemi ƙasa ta tsage, ta ƙi, siminti ne. Gumi ya jiƙa ni har aljihu. Na buɗe baki in kare kaina da Turanci, kalmomin nan goma sha biyu duk suka gudu suka bar ni. Abin da ya fito kawai shi ne, "Ashe haka ta ce?"

Kafin magariba labari ya riga ni isa Tudun Wada. Da safe na iske kwanon sha a rufe bisa teburina, matan ofis sun haɗa mini kunun kanwa, da saƙon a gaida mai jego.

Da la'asar na tafi aji tun kafin kowa, na zauna kujerar gaba. Na ce, "Hadiza, Babanki Bature bai iya ba. Fara mini daga farko." Ba ta yi dariya ba, Allah ya yi mata albarka, ta dai jawo kujera. Ranar jarrabawa layi shida na rubuta, karkatattu, amma kowace kalma na san abin da ta ce, kuma da ƙyar na tsallake.

Abin da na koya shi ne, duk takardar da za ka sa sunanka a ƙasanta, ka fara tambaya me ta ce, ko da wanda za ka tambaya ka ci naman sunansa. Kunun kuwa na shanye shi tas. Ba a mayar da hannun kyauta baya, kuma kanwar ta ji daidai.